Yadda ake komawa fili bayan tsinkewar jijiyar gwiwa

Duk wanda ya saba leƙa filayen unguwa a Kaduna bayan la'asar, daga Tudun Wada zuwa Kawo, daga Rigasa zuwa Unguwar Rimi, ya taɓa ganin irin wannan faɗuwar. Yaro ya taho da ƙwallo a guje, ya kafa ƙafa zai yanke mai tsaron baya, tafin ƙafar ya tsaya cak, gangar jiki kuma ta juya. Ba wanda ya taɓa shi. Sai ka ga ya zube riƙe da gwiwa, yana cewa ya ji wani abu ya yi ɓas a ciki. Nan da nan a taru a kansa, wannan ya ce targaɗe ne, wancan ya kama ƙafar ya fara ja. Kafin a kira isha'i gwiwa ta kumbura suntum.

Bayan mako uku kumburi ya sace, ɗingishi ya tafi, yaro ya ce ya warke. Ya ɗaura takalmi ya koma, a yankan farko gwiwar ta sake zamewa. Matsalar kenan: gwiwar da jijiyarta ta tsinke tana daina ciwo tun kafin ta warke da nisa. Don haka ba ciwo ake tambaya ba idan ana maganar komawa wasa, ba kuma kwanakin da aka yi a gida ba. Awo ake yi, mataki bayan mataki.

Me ya tsinke tukuna?

Mu Hausawa kalma ɗaya muke da ita, jijiya, ga ta jini, ga ta laka, ga wadda ke ɗaure ƙashi da ƙashi kamar igiya. Wannan ta ƙarshen muke magana. Guda huɗu ne manya a gwiwa. Biyu suna gefe, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Biyu kuma suna can tsakiyar gaɓar, sun gitta juna, ta gaba da ta baya. Ta gaban ita ce likitoci da masu sharhin wasanni ke kira ACL, ita ke hana ƙwauri zamewa gaba da murɗewa a ƙarƙashin cinya. Akwai kuma faifan guringuntsi guda biyu tsakanin ƙasusuwan, su ne matashin gaɓar, kuma sau da yawa tare da jijiya suke yagewa.

Sanin wadda ta tsinke shi ke raba wanda zai yi mako shida da wanda zai yi shekara. Jijiyar gefe ta ciki tana samun jini sosai, galibi tana haɗewa da kanta: ƙaramin rauni mako biyu zuwa uku, babba mako shida zuwa sha biyu da takalmin gwiwa mai maɗauri. ACL kuwa, in ta rabu gida biyu, da wuya ta koma yadda take. Yawancin abin da ke tafe a kanta ne, amma tsarin matakan ɗaya ne ga duka, tsawon kwanakin ne ya bambanta.

Mataki na farko: daga fili zuwa kwana uku

Kada a ja ƙafar, kada a murza, kada kuma ka koma wasa don ka gwada. A ɗauke ka a fitar da kai. A gida ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15 zuwa 20, ka maimaita duk bayan awa biyu ko uku. In babu wuta, ka aika yaro wurin masu sayar da ƙanƙara ya sayo fiya wata daskararru guda uku, sun wadatar. Ka naɗa bandeji mai roba ba tare da ka shaƙe ƙafar ba, ka kwanta ka ɗora ta a kan filo har ta fi ƙirjinka tudu.

Gashin ruwan zafi da man zafi, waɗanda su ne farkon abin da Hajiya za ta kawo don tausayi, a jinkirta su. A kwanakin farko jini ne ke taruwa a cikin gaɓar, zafi kuwa ƙara shi yake yi.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida: tafin ƙafa ya yi sanyi ko ya dushe, yatsu sun mutu ba ka jin su, ka kasa ɗaga tafin ƙafar sama, gwiwar ta karkace a ido, ko ka kasa taka ƙafar ko taku huɗu. A daren za a tafi asibiti. Haka ma gwiwar da ta maƙale, ta ƙi miƙewa kamar an sa mata sakata, kada a wuce kwana biyu ba a nuna ta ba, don alama ce ta guringuntsi ya yage ya shiga tsakani.

Mataki na biyu: a gano raunin da sunansa

A nan ne maganar mai ɗori ke shigowa, kuma zan faɗe ta ba tare da raini ba. Mai ɗori da ƙashi ya saba. Jijiyar da muke magana tana can cikin gaɓa inda hannu ba ya kaiwa, ja ba ya haɗa ta, ɗauri ba ya haɗa ta. Abin da ɗaurin mako huɗu da karare ke haifarwa shi ne gwiwa ta sandare, cinya ta tsotse. Tsaga ko ƙaho a kan gwiwar da ta kumbura kuwa buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa ne, kuma gaɓar da ta yi ruwa ta fi tsinkewar jijiya muni nesa ba kusa ba.

Ka nemi likitan ƙashi. A cikin gari akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da asibitin sojoji na 44, a Zariya akwai na Shika, a Kano kuma asibitin ƙashi na Dala. Likita zai kwantar da kai, ya ɗan lanƙwasa gwiwar, ya riƙe cinya ya jawo ƙwauri gaba ya ji ko akwai abin da ke tare shi. Ƙwararren hannu yakan gane daga nan. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya, karaya kawai yake nunawa, saboda haka in aka ce maka hoto ya fito lafiya, ba a ce jijiyarka lafiya ba. Hoton MRI ne ke nuna jijiya da guringuntsi.

Kada ka fito daga ofishin likita sai da amsar tambaya uku a rubuce: wace jijiya ce, ta tsinke gaba ɗaya ko ta ɗan yage ne, kuma guringuntsi ya taɓu ko bai taɓu ba. Wannan takardar za ka kai wa likitan gashin ƙashi, wanda 'yan wasa ke ce wa fisiyo.

Mataki na uku: tiyata ko babu tiyata

Ba kowa ne ke bukatar wuƙa ba. Wani bincike da aka yi a Suwidin, aka fara wallafa shi a 2010, ya bi matasa 121 masu wannan rauni. Cikin waɗanda aka fara da atisaye aka bar tiyata sai in ta zama dole, kusan rabi ba su bukace ta ba har bayan shekara biyar. To amma waɗancan ba ƙwararrun 'yan wasa ba ne. Magidancin da ƙwallonsa ta safiyar Asabar ce, wanda zai iya komawa keke ko sassarfa, yana iya zama lafiya da ƙarfin tsoka kaɗai. Yaro ɗan shekara 19 mai burin Kaduna United ko Ranchers Bees, wanda yanka da juyi su ne sana'arsa, yawancin likitoci tiyata za su ba shi shawara, musamman in gwiwar tana zamewa. Kowace zamewa tana ƙara cin guringuntsi.

A tiyatar ba ɗinke tsohuwar jijiya ake yi ba. Ana yanko wata daga jikinka, daga ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, ko bayan cinya, ko gabanta, a huda ƙashi a dasa ta a gurbin waccan. Ba kowane asibiti ke wannan aikin ba, ka tambaya wa ke yi kuma sau nawa yake yi.

Wani abu da na sha gani: dangi su yi karo-karo a haɗa kuɗin tiyata da ƙyar, a manta cewa akwai wata tara na zuwa wurin fisiyo da kuɗin mota. Tun ranar da aka fara lissafi a sa wannan a ciki. Tiyatar da ba a bi ta da atisaye ba, kuɗin ne kawai aka zubar.

Kuma ba a shiga tiyata da gwiwa mai zafi. Kumburi ya sauka tukuna, ƙafa ta miƙe sambal, tsokar gaban cinya ta dawo tana amsawa. Wanda aka yi wa aiki gwiwarsa a kumbure a ƙage ya fi haɗarin ta sandare daga baya. Makonnin jiran nan ba na zaman banza ba ne, atisayen da ke mataki na huɗu tun a lokacin ake fara su.

Mataki na huɗu: mako biyun farko bayan tiyata, miƙewa kafin komai

In da abu ɗaya za ka riƙe a wannan matakin, to miƙewa ce. Lanƙwasa tana dawowa ko an makara, amma gwiwar da ta saba zama a ɗan tanƙware tana iya zama haka, mai ita ya yi ta ɗingishi shekara da shekaru. Kuma abin da ke jawo hakan ƙarami ne: filo a ƙarƙashin gwiwa, saboda ya fi daɗi. Cire shi. A ƙarƙashin dunduniya ake sa filo, a bar gwiwar tana reto a sarari nauyinta ya miƙar da ita, minti goma, sau huɗu ko biyar a yini. Da zafi, na sani.

Sai tayar da cinya. Zauna a tabarma ka miƙe ƙafa, ka danna bayan gwiwa ƙasa har ka ga ƙoƙon ya ja sama, ka ƙirga biyar, ka saki. Goma-goma, kusan kowace awa in kana farke. Da farko za ka aika saƙo tsokar ta yi kamar ba da ita kake ba. Kumburi ne ke kashe ta, ka ci gaba. Ranar da ka iya ɗaga ƙafar a miƙe ba tare da gwiwar ta ɗan saki ba, ka ci jarrabawar farko.

Don lanƙwasa, sa leda a ƙarƙashin dunduniya a kan siminti, ka zarga tawul a tafin ƙafa ka jawo ta wajenka a hankali. Ana so zuwa ƙarshen mako na biyu gwiwar ta kai lanƙwasar zaman kujera, wato digiri 90. Ka riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa a kai a kai don jini ya gudana, ka kuma riƙa tura ƙoƙon gwiwa da yatsu hagu da dama, sama da ƙasa, kada ya manne.

Sandunan dogarawa ba a ajiye su don kunyar abokai. Ana ajiye su ranar da ka iya tafiya ba ɗingishi, galibi tsakanin mako biyu zuwa huɗu. In an ɗinke maka guringuntsi, likita zai iya hana ka taka ƙafar sosai ko wuce digiri 90 har mako shida, kuma maganarsa ce gaba da duk abin da na rubuta a nan. Zazzaɓi, ja da zafi a bakin ɗinki, ruwa ko mugunya, a koma asibiti. Sha-raɓa ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, wannan na gaggawa ne, yana iya zama gudan jini.

Abubuwan da takardar asibiti ba ta faɗa

Salla: a kujera za ka yi ta na tsawon makonni, addini ya yi rangwame a kan haka. Sujada tana dawowa kafin zaman tahiya, domin zama a kan dunduniya yana bukatar cikakkiyar lanƙwasa, shi ne kusan na ƙarshe da ke dawowa. Wanda aka yanko masa jijiya daga ƙarƙashin ƙoƙo zai daɗe yana jin zafin durƙuso, ya ninka darduma ko ya sa soso. Wajen alwala ka zauna, kada ka tsaya a kan ƙafar da aka yi wa aiki a jiƙaƙƙen siminti kana ɗaga ɗayar.

Masai na tsugunno ba naka ba ne a watannin farko. Kafinta ko mai walda zai yi maka kujera mai huda a rana ɗaya. Babur kuma, kada ka buga kik da wannan ƙafar, kada ka hau bayan ɗan acaɓa, domin birki ɗaya da sauke ƙafa ba shiri ya isa ya ɓata aikin. Tuƙin mota, in ƙafar dama ce, sai likita ya yarda, galibi bayan mako huɗu zuwa shida.

Mataki na biyar: mako na 3 zuwa na 12, lokacin yaudara

Jijiyar da aka dasa ba ta zama ACL a ranar tiyata. Jiki sai ya shigar mata da jini, ya rushe ta a hankali ya sake gina ta. A tsakanin mako na 6 da na 12 tana cikin mafi raunin halinta, kuma daidai lokacin ne kake jin ka warke, kana tafiya kasuwar Barci ka dawo ba ka ji komai ba. A nan ake yawan asara. "Gola kawai zan tsaya" da "bari in ɗan taɓa" duk ba su da wuri.

Aikin wannan lokaci ba shi da armashi. Keken motsa jiki na tsaye da zarar gwiwa ta iya zagaya feda. Rabin tsugunno kana riƙe da bango. Hawa matakala ɗaya da sauka a hankali. Kwanciya rigingine ka ɗaga ƙugu sama. Ɗage a kan yatsu don sha-raɓa. Tsayuwa a ƙafa ɗaya, daƙiƙa 30, sannan ido a rufe, sannan a kan katifa. Tsohon tub na taya yana maye gurbin robar atisaye.

Ka karɓi tef ɗin awo wurin tela. Kowace safiya kafin ka fara yawo ka auna kewayen gwiwa a tsakiyar ƙoƙo, ka rubuta a littafi. In ka wayi gari ya ƙaru da kusan santimita ɗaya, jiya ka wuce gona da iri, ka rage. Zafi kuma ka ba shi maki daga 0 zuwa 10. Biyu ko uku da ke wucewa kafin gobe ba laifi. Abin da ya haura haka, ko ya kwana ya tashi da kai, jiki magayi ne.

Mataki na shida: ƙarfe

A nan zan faɗi ra'ayina kai tsaye. In wata uku sun wuce kuma zamanka wurin fisiyo bai wuce fitilar gashi, na'urar lantarki da tausa ba, ba a gina maka ƙafar ƙwallo. Waɗannan suna rage ciwo ne kawai. Cinyar da ta tsotse nauyi ne ke dawo da ita, nauyin da ke ƙaruwa mako bayan mako. Ka ce wa fisiyo, cikin ladabi, "Yallaɓai, fili nake so in koma, a rubuta min tsarin ɗaga ƙarfe."

Kwana uku a mako, da hutun yini a tsakani. Tura nauyi da ƙafa a na'ura, tsugunno da ƙarfe, tsugunnon ƙafa ɗaya da ɗayar a kan benci ta baya, ɗaga ƙarfe daga ƙasa don bayan cinya, da miƙe gwiwa a na'ura daga zaune, wanda shi fisiyo ne zai faɗi lokacin fara shi da iyakarsa. Kowanne zagaye uku, sau 8 zuwa 12, da nauyin da biyun ƙarshe za su ba ka wuya. In babu kuɗin gidan motsa jiki, ƙarfen siminti na unguwa ko jakar goyo cike da yashi suna aiki, in dai kana auna nauyin kana rubutawa. Mafi yawan aikin a yi shi ƙafa ɗaya-ɗaya, domin in ka haɗa biyu, mai lafiyar za ta riƙa ɗauke wa 'yar'uwarta kaya ba ka sani ba. Ita ma mai lafiyar a horar da ita.

Tsoka ba ta ginuwa da shayi da burodi. Mai nauyin kilo 70 yana bukatar kusan giram 110 na furotin a yini, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne. Wake, awara, kifi, nono, ƙuli-ƙuli, nama in an samu, a rarraba su safe, rana da dare. A watan azumi a mayar da ɗaga ƙarfe bayan buɗa-baki. Sigari da shisha suna jinkirta warkewa. Tiramol da allurar kashe zafi ta kemis kuwa, don a samu a yi atisaye ko a buga wasa, toshe bakin mai gargaɗi ne kawai.

Mataki na bakwai: gudu, tsalle, yanka

Ba a fara gudu kafin mako 12, kuma cikar makon ba ta isa ba. Sai babu kumburi, gwiwa na miƙewa daidai da ɗayar, kuma ƙarfin cinyar ya kai aƙalla kashi 70 cikin 100 na mai lafiya. In babu na'urar awo, zauna a kujera ka tashi da ƙafa ɗaya, hannu a ƙirji, ka ƙirga sau nawa kowace ƙafa za ta yi. Mai lafiya 20, ɗayar 9? Ba ka kai ba, ko wata biyar ka yi.

Ka fara da sassarfa minti ɗaya, tafiya minti biyu, sau biyar ko shida, a miƙe, a wuri mai laushi da babu ramuka. Dandalin Murtala da sassafe ya fi layin unguwa. Yau gudu, gobe hutu da awon tef.

Tsalle kuwa, sauka ake fara koya. Daga matakala ɗaya ka diro da ƙafa biyu, shiru kamar kyanwa, gwiwa da ƙugu a lanƙwashe. Ka ba aboki waya ya ɗauke ka ta gaba. Abin da kake nema a bidiyon shi ne ko gwiwa tana faɗawa ciki wajen 'yar'uwarta, domin a wannan yanayin ne ACL ke tsinkewa. Ƙoƙon gwiwa ya kalli inda yatsu suka kalla. In ƙafa biyu ta gyaru, sai ɗaya. 'Yan mata masu ƙwallon ƙafa, kwando da ta hannu su ninka kula a nan, wannan rauni ya fi samun mata fiye da maza a wasa iri ɗaya.

Daga nan sai birki: gudu ka tsaya cikin taku uku. Sai zagaye mai faɗi, sai zagaya duwatsu biyu kamar lamba 8, sai karkata kaɗan, sai cikakken yanka, duka da rabin gudu kafin cikakke. Na ƙarshe shi ne wanda ba ka shirya masa ba: aboki ya tsaya gabanka ya nuna hagu ko dama a daƙiƙar ƙarshe. A wasa ba wanda ke gaya maka inda zai bi. Ƙwallo tana shigowa a hankali cikin wannan matakin, daga bugawa bango zuwa ba-ni-in-ba-ka, ba tare da abokin hamayya ba.

Mataki na takwas: jarrabawar komawa

Sadiq Umar ɗan Kaduna ne. A Satumban 2022, kwanaki kaɗan da komawarsa Real Sociedad ta Sifen, ACL ɗinsa ta tsinke a wasa da Getafe, kuma bai sake buga gasa ba sai kakar da ta biyo baya. Virgil van Dijk na Liverpool ya ji nasa a Oktoban 2020, sai Agustan 2021 ya koma gasar Firimiya. Waɗannan mutane ne da likitoci da na'urori ke kewaye da su dare da rana. Manyanmu kuma suna tuna yadda ciwon gwiwa ya datse wa Daniel Amokachi wasa da wuri. To kai da ke atisaye da tub ɗin taya, ina za ka da wata biyar?

Alƙaluma ma haka suka nuna. Binciken haɗin gwiwa na Amurka da Norwe da ya fito a 2016 ya gano cewa kowane wata da aka ƙara jira, har zuwa na tara bayan tiyata, yana rage haɗarin sake rauni da kusan rabi. A asibitin wasanni na Aspetar da ke Doha, 'yan wasan da suka koma ba su cika sharuɗɗan gwaji ba sun ninka sauran sau huɗu wajen sake tsinka jijiyar. Cikin 'yan ƙasa da shekara 25 da suka koma wasa, kusan ɗaya cikin huɗu na sake tsinka ACL, wani lokacin ma ta ɗaya gwiwar. Saboda haka wata tara shi ne mafi ƙaranci, ba alƙawari ba ne.

Bayan wata tara sai awo. Babu kumburi, babu zamewa. Ƙarfin gaban cinya da bayanta ya kai kashi 90 na mai lafiya. Sai tsalle huɗu a ƙafa ɗaya: tsalle guda mai nisa, uku a jere, uku kana tsallaka layi hagu da dama, da ɗangyashin mita 6 da agogo. Kowane tsalle sai ka dira ka tsaya cak kafin a ƙirga shi. Lissafin mai sauƙi ne: in mai lafiya ta yi santimita 150, ɗayar ta kai 135. Faɗuwa a ɗaya faɗuwa ce a duka, a ƙara mako huɗu zuwa shida a sake. Fisiyo ne zai yi maka wannan awon, ba kai da abokanka masu son ganinka a fili ba.

Akwai kuma awon da tef ba ya yi. Cikin waɗanda aka yi wa wannan tiyata, kusan kashi 81 na komawa wani wasa, amma 55 kacal ke komawa gasa, kuma tsoron sake faɗuwa na cikin manyan dalilai. In har kana ganin mai tsaron baya ya taho ka ji ƙafar tana janyewa da kanta, ka faɗa, ba ragwanta ba ce. Maganinta maimaita yanayin da ke ba ka tsoro, a hankali, har jiki ya yarda.

Mataki na tara: shiga fili

Ka je wurin koci kafin ranar, ku yi magana a gefe. Shi gasar unguwa ko kofin wani ɗan siyasa ke gabansa, yana iya cewa "ƙanena, minti goma kawai za ka ba ni". Ku yi yarjejeniya tun kafin a shiga wannan halin. Da farko ɗumama jiki da ƙungiya kawai. Sai atisaye da riga ta daban, kowa ya san ba a taɓa ka. Sai cikakken atisaye na mako uku ko huɗu ba tare da kumburi ba. Sannan wasan sada zumunta minti 15 zuwa 20, sai 30, sai rabin lokaci, sai awa ɗaya.

Duba takalminka. Filayenmu da rani kamar dutse suke, da damina kuma wani wurin taɓo wani wurin tauri. Dogayen haƙora na kafewa a ƙasa su riƙe ƙafa lokacin da jiki ke juyawa, ga busasshen fili gajeru masu yawa suka fi. Safar gwiwa ta roba da ake sayarwa a kasuwa tana ɗumama gaɓa, amma ba ta riƙe jijiya.

Ɗaga ƙarfe ba ya tsayawa don an koma wasa, sau biyu a mako ya ci gaba. Ka kuma roƙi koci ya mayar da ɗumama jikin ƙungiyar duka zuwa tsarin FIFA 11+, na minti 20 ne, ba ya bukatar kayan aiki na musamman, kuma an ga yana rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku a ƙungiyoyin da ke yin sa aƙalla sau biyu a mako.

Washegarin kowane wasa, kafin ka fita masallaci, ɗauko tef ɗin tela da littafinka. In lambar ta yi daidai da ta jiya, ƙara minti goma a wasa na gaba. In ta haura, koma mintunan makon da ya wuce, ka kira fisiyo.